Maganin homon lokacin ɗaukewar al'ada: a sha ko a haƙura?

Uwar Biyar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, wadda ta sani don Allah ta amsa, wadda ba ta sani ba ta taya ni da addu'a. Shekaruna 49. Tun bara al'adata ta fara wasa, ta zo wannan watan, ta tsallake biyu ko uku. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni zafin nan ne da ke taso min daga ƙirji ya hau wuya ya mamaye fuska, ina tsakiyar magana da mutane sai gumi ya karyo. Da dare sai na tashi na canza riga, matashi ya jiƙe sharkaf, barci kuma ya tafi ke nan har asuba. Likita ta rubuta min maganin homon, wato irin sinadaran da jikin mace ke fitarwa masu tafiyar da al'ada: filastar istirojin da ake mannawa a ƙasan ciki sau biyu a mako, da ƙwayar furojestaron da zan riƙa sha da dare kwana 12 a wata. Na karɓo, suna nan cikin durowa ban taɓa ba, don ƙanwata ta ce haɗin masana'anta ne, sankarar mama yake kawowa. Akwai wadda ta taɓa amfani da shi?

Hajiya Babba:
Wa'alaikumus salam 'yata. Wannan fa ba ciwo ba ne, girma ne. Kowace mace da Allah ya ja kwananta sai ta bi ta nan. Ni na wuce shi ban haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ba. Jinin da aka ce ya huta, mene ne na tayar da shi da magani? Ki yi haƙuri, shekara ɗaya biyu ya wuce.

Maman Tagwaye:
Hajiya ki gode wa Allah da ya zo miki da sauƙi. Ba kowa ba ce haka. Ni sai da na kusa ajiye aiki.

Anti Nas:
Hajiya, da girmamawa, maganar shekara ɗaya biyun nan ita ce ba ta tabbata ga kowa ba. Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka, ana ce masa SWAN, sun bi mata dubbai shekara da shekaru. Sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna matan da zafin ke yawan taso musu, tsaka-tsakin daɗewarsa ya haura shekara 7, a wajen baƙaƙen mata kuwa ya kai 10. Wadda ya fara mata tun al'ada ba ta gama ɗaukewa ba, irin Uwar Biyar, ita ce ma ya fi daɗewa a jikinta. Gaskiyarki ba ciwo ba ne. Amma shekara 7 ba barci, shi ma yana haifar da nasa ciwon.

Abin da ke faruwa shi ne ma'ajiyar ƙwai ta fara ƙarewa, istirojin da take fitarwa ya riƙa hawa da sauka kafin ya yi ƙasa gaba ɗaya. Wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa ya saba da shi, da ya ragu sai ya rikice, ɗan ɗumi kaɗan ya ɗauka jiki ya yi zafi, ya buɗe jijiyoyin fata ya saki gumi. Maganin yana mayar da kaɗan ne daga abin da ya ragu. Ba ya dawo da ƙwai, ba ya dawo da ƙuruciya.

Uwar Biyar:
Na gode Anti. To maganar sankarar fa? Ita ce ta tsaya min a rai.

Malamar Kimiyya:
Bari in shigo kafin ma'aikatan asibiti su lallashe ki. Ƙanwarki ba daga sama ta tsinci maganar ba. Tarihin magungunan nan bai da kyau, kuma ya kamata a faɗa. A 1938 aka haɗa wani istirojin na masana'anta a Ingila, DES, aka yi ta ba mata masu ciki wai don hana ɓari. Sai a 1971 aka gano 'ya'yan matan nan mata suna kamuwa da wata irin sankarar farji da ba a saba gani ga matasa ba. Wannan ɗaya. Na biyu, a shekarun 1960 an yi ta tallata istirojin a matsayin maganin tsufa, ana ba mata shi zalla, sai a 1975 bincike ya nuna yana ninka haɗarin sankarar mahaifa. Na uku shi ne na 2002, da aka dakatar da babban gwajin maganin homon da ake kira WHI a Amurka kafin lokacinsa saboda sankarar mama da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sau uku ana ce wa mata ku sha babu komai, sau uku ana dawowa da baya. Don me za mu yarda da zagaye na huɗu?

Hajiya Babba:
Yauwa. Allah ya yi miki albarka. Ni ban san sunayen ba amma zuciyata ta san ba a banza ba.

Anti Nas:
Malama duk abin da kika lissafa ya faru, ba wanda zan musa. Amma mu buɗe na 2002 ɗin mu ga abin da ke ciki, don shi ne har yau yake tsorata mata da likitoci.

Mata 16,608 aka saka, 'yan shekara 50 zuwa 79. Matsakaicin shekarunsu 63. Ki riƙe wannan lambar. Yawancinsu sun daina al'ada sama da shekara goma, da yawa ba ma zafin ke damunsu ba, don tambayar da ake son amsawa ita ce ko maganin zai kare tsofaffi daga ciwon zuciya. Rabi aka ba su ƙwaya ɗaya tak, istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki haɗe da wani furojestin, ɗan uwan furojestaron, na masana'anta, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a ciki. Bayan shekara biyar da 'yan kai, cikin kowace mata 10,000 a shekara, masu shan maganin 38 sun samu sankarar mama, marasa sha 30. Ƙarin 8 ke nan. Shanyewar ɓarin jiki ƙarin 8, gudan jini a huhu ƙarin 8, ciwon zuciya ƙarin 7. A ɗaya gefen kuma karayar ƙugu ta ragu da 5, sankarar hanji ta ragu da 6. Jaridu suka ɗauki "ƙarin kashi 26 cikin ɗari" suka buga, ba wanda ya ce 30 ne ya koma 38 cikin dubu goma.

Akwai kuma reshe na biyu da ba a cika ambata ba. Mata 10,739 da aka riga aka cire wa mahaifa, su istirojin kawai aka ba su. An tsayar da nasu a 2004 saboda shanyewar ɓarin jiki, amma sankarar mama ba ta ƙaru ba, da aka ci gaba da bibiyarsu ma sai aka ga ta ragu.

Da aka koma aka rarraba matan bisa shekaru, sai ya bayyana cewa 'yar 52 da ta fara kusa da ɗaukewar al'adarta ba ɗaya take da 'yar 70 ba. Daga nan aka samo ƙa'idar da ake bi yanzu: wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da dainawa ba, kuma alamomin na takura mata, kuma ba ta da abin da zai hana, amfanin ya fi haɗarin.

Amaryar Jiya:
Tsaya tsaya. Fitsarin me?? Innalillahi.

Mai Haɗa Magani:
Goɗiya, ƙanwata, kin ji daidai. Maganin da ake kira Premarin ke nan, tun 1942 yake kasuwa a Amurka, kuma har yanzu ana sayar da shi. To ga inda nake son mu yi tunani. Idan "na halitta" shi ne wanda bai bi ta ɗakin haɗa sinadari ba, to wannan na goɗiyar ya fi kowanne zama na halitta, amma a cikinsa akwai nau'ukan istirojin na doki waɗanda jikin mace bai taɓa yin irinsu ba. Filastar da aka ba Uwar Biyar kuwa a masana'anta aka haɗa ta daga farko har ƙarshe, amma abin da ke cikinta, istiradiyol, bai da bambanci ko kaɗan da wanda ma'ajiyar ƙwanta ta yi shekara talatin da wani abu tana fitarwa. Wanne ne baƙo a jiki a nan?

Haka furojestaron ɗin da aka rubuta mata. Tun shekarun 1940 wani masanin sinadarai Ba'amurke, Russell Marker, ya gano yadda ake ciro wani sinadari daga doyar daji ta Meziko a juya shi ya koma furojestaron. Har yau daga tsiro ake farawa, a ƙarasa a masana'anta. Daga wannan aikin ne ma aka kai ga norethisterone a 1951 a birnin Meziko, wanda ya shiga ƙwayoyin tazarar haihuwa. Shi kam an sauya masa siffa da gangan don ya yi ƙarfi ya jure haɗiya, shi ya sa ake kiran irinsa furojestin. Wanda aka yi amfani da shi a gwajin 2002 yana cikin wannan gidan na waɗanda aka sauya wa siffa.

Saboda haka tambayar da ta dace ba "na masana'anta ne?" ba, dukkansu ta can suka biyo. A tambaya: wane iri ne, nawa ne, ta ina yake shiga jiki, wa za a ba.

Malamar Kimiyya:
Na ji bayanin, kuma yana da daɗi. Amma yaya, kada a ce mana tunda siffarsa ɗaya da na jiki shi ke nan ba haɗari. Istirojin na jikin mace da kansa yana ciyar da yawancin sankarar mama, shi ya sa wadda ta fara al'ada da wuri ta daina a makare haɗarinta ya ɗan fi. Kuma ba 2002 kaɗai ba ne. A 2019 mujallar Lancet ta tattara binciken duniya, ta ce mace mai matsakaicin jiki da ta fara tana 50 ta sha shekara 5, cikin shekara 20 masu zuwa akwai ƙarin mace 1 cikin 50 ga masu shan haɗin biyun kullum, 1 cikin 70 ga masu shan furojestin ɗin wasu kwanaki a wata, 1 cikin 200 ga masu istirojin kaɗai. Ɗaya cikin hamsin ba ƙaramin abu ba ne idan ke ce ɗayar.

Mai Haɗa Magani:
Ban ce ba haɗari ba, Malama. Lambobin da kika kawo haka suke, kuma haɗarin yana ƙaruwa da daɗewar sha. Abin da zan ƙara shi ne yawancin matan da aka ƙirga a can tsofaffin furojestin suka sha. Binciken da aka yi a Faransa ya nuna furojestaron mai kama da na jiki ya fi sauƙi ga mama a shekarun farko, sai dai wannan bibiya ce aka yi, ba gwaji irin na WHI ba, ƙarfin hujjar bai kai ba. Ni dai idan 'yar uwata ce, shi zan zaɓar mata. Amma ba zan ce mata sifili ba ne.

Kuma a sa shi a sikeli da sauran abubuwa. Ƙiba bayan ɗaukewar al'ada tana ƙara haɗarin sankarar mama sosai, don kitse da kansa yana sarrafa istirojin, amma ban taɓa ganin mace ta firgita da wannan kamar yadda take firgita da filasta ba.

Gwaggon Yara:
Kai, wannan magana ta taɓa ni a inda ba na so. A bar maganar ƙiba don Allah.

Maman Tagwaye:
Ni ga nawa labarin. Ƙarin mahaifa ya sa aka yi min aiki ina 44, aka cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwan duka biyu. Ba wanda ya gaya min abin da zai biyo baya. Kafin ɗinki ya warke zafin ya sauko min gaba ɗaya, ba irin na masu shiga a hankali ba. Ga faɗuwar gaba ba dalili, ga mantuwa, in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin me ya kawo ni. Yarana har suka fara kallona wani iri. Sai da wata likita daban ta duba takardata ta ce wa ya bar ki haka ba magani? Ta ba ni na shafawa, kullum da safe a dantse, in bari ya bushe kafin in sa riga. Cikin 'yan makonni na fara barci. Istirojin kawai nake yi, ba ƙwayar dare.

Uwar Biyar:
To me ya sa ni aka haɗa min biyu? Ba sai in yi filastar kawai in bar ƙwayar ba, tunda kamar ita ce mai laifin sankarar?

Anti Nas:
A'a! Don girman Allah kada ki yi haka. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a duk zaren nan, kowa ta karanta da kyau.

Istirojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. A lokacin ƙuruciya furojestaron ne ke zuwa bayan fitar ƙwai ya tsayar da kaurin, sannan ta zube, shi ne al'ada. Idan kika ba mahaifa istirojin ba mai taka masa birki, shimfiɗar za ta yi ta kauri, daga nan ƙwayoyinta su fara canzawa. Abin da Malama ta ambata na 1975 shi ne wannan daidai. Maman Tagwaye ba ta da mahaifa, ba abin da za a kare, shi ya sa ba a ba ta ba. Ke kina da taki. Duk mai mahaifa da ke shan istirojin na haɗiya ko filasta ko na shafawa a fata, dole ne ta haɗa da furojestaron ko ɗan uwansa. Ba zaɓi ba ne.

Kwana 12 ɗin nan kuma saboda al'adarki ba ta gama tsayawa ba ne. Za ki riƙa ganin jini bayan kin gama kwanakin, kowane wata, kamar al'ada. Wadda ta shekara cur ba jini ita ake ba na kullum, wanda ba a son ganin jini da shi bayan watannin farko. Kuma da dare ake shan sa don yana sa barci, wanda a wajenki ma riba ce.

Akwai hanya ta uku, robar mahaifa mai homon, irin Mirena. Tana kare mahaifar, tana rage zubar jini mai yawa, tana kuma hana ciki.

Amaryar Jiya:
Hana ciki a 49? Anti ai an wuce nan.

Anti Nas:
Ba a wuce ba, ƙanwata. Muddin al'ada na leƙowa ko da jefi-jefi, ƙwai na iya fita. Kuma maganin nan ba ya hana ciki, ƙarfinsa bai kai na ƙwayar tazara ba. Wadda ba ta son ciki ana ba ta shawara ta ci gaba da kariya shekara 2 bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, shekara 1 idan ta haura.

Gwaggon Yara:
Ni tambayata, ina da hawan jini, mahaifiyata kuma shanyewar ɓarin jiki ne ajalinta. Ke nan ni ba ni ba wannan magani?

Mai Haɗa Magani:
Allah ya jiƙanta, Gwaggo. Hawan jinin da aka shawo kansa da magani ba ya hanawa kai tsaye, amma dole likita ta auna ki ta ji tarihin gidanku. A irinki ne hanyar shiga take da muhimmanci. Ƙwayar da aka haɗiya daga hanji hanta take fara zuwa, ta sa hanta ta ƙara fitar da sinadaran da ke daskarar da jini, daga nan haɗarin gudan jini yake tasowa. Wanda ya bi ta fata yana shiga jini kai tsaye bai fara ratsa hanta ba, kuma binciken da aka yi ya nuna a ƙa'idar da aka saba bayarwa bai ƙara haɗarin gudan jinin ba. Shi ya sa mai jiki, mai ciwon kai na ɓari ɗaya, mai hawan jini, duk filasta ko na shafawa ake fifita musu.

Waɗanda ake cewa su nisance shi: wadda ta taɓa sankarar mama ko ta mahaifa, wadda ta taɓa gudan jini a ƙafa ko huhu sai in ƙwararre ya duba, wadda ta taɓa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ita kanta, mai ciwon hanta mai tsanani, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba.

'Yar Auta:
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni shekaruna 34. Al'adata ta ɗauke, na yi ta gwajin ciki ba komai, daga baya gwajin jini sau biyu ya nuna ma'ajiyar ƙwaina ta daina aiki. An ba ni maganin nan. Duk wanda ya gani sai ya ce yarinya ƙarama me ya haɗa ki da maganin tsofaffi, za ki kashe kanki. Yanzu na karanta 1 cikin 50 ɗin nan hankalina ya tashi.

Malamar Kimiyya:
Ƙanwata, ni da na kawo lambar ni zan ce miki ba taki ba ce. Waccan ta matan da suka kai 50 ce, waɗanda jikinsu ya riga ya sha istirojin na shekarun da aka ɗibar masa, aka ƙara musu a kai. Ke naki ya yanke ne da wuri, maganin cike miki gurbi yake yi. Duk taurin kaina a kan wannan batu, a nan ba ni da ja.

Anti Nas:
Haka ne. Irin wannan tsayawar ma'ajiyar ƙwai tana samun kusan mace 1 cikin 100 kafin shekara 40. A wajenki barin maganin ne haɗari, don ƙashi da zuciya suna buƙatar istirojin, idan suka rasa shi tun 34 ƙashi zai yi laushi tun kafin tsufa. Shawarar likitoci ita ce a ci gaba har zuwa shekarun da ake dainawa a al'adance, wajen 51, sannan a zauna a sake dubawa. Kuma idan kina neman haihuwa ki gaya wa likitarki, don wani lokaci ƙwai yana fita ba zato, kuma akwai bambanci tsakanin a ba ki wannan da a ba ki ƙwayar tazara.

'Yar Auta:
Na gode yayyena. Wallahi har na ji sanyi.

Hajiya Babba:
Allah ya ba ki lafiya 'yata, ya ba ki masu albarka. Ke larura ce, ban da magana. Amma ni har yanzu ban ga dalilin mai lafiya ta ɗora wa kanta ba. Kuma wa ya ce idan an fara ana iya dainawa?

Maman Tagwaye:
Hajiya ana dainawa mana, ba ƙwayar maye ba ce. Illa dai wasu zafin na dawo musu, shi ya sa ake ragewa a hankali a ga yadda jiki zai yi. Ni duk shekara muke zama da likita, a auna jini, a duba mama, ta tambaye ni ko in ci gaba.

Mai Kula da Zaure:
Wata 'yar uwa ta turo min ta bayan fage ta ce in tambayar mata ba suna. Ita zafi bai dame ta ba, bushewar gaba ce, har kwanciya ta zama azaba, ga yawan fitsari da ƙuna. Ta ce ta sha maganin sanyi har ta gaji. Shekararta 57.

Anti Nas:
Ki ce mata ba ita kaɗai ba ce, kunya ce ta sa ba a faɗa. Zafin jiki yana wucewa da kansa ko da an daɗe, wannan kuwa ba ya wucewa, ƙaruwa yake. Fatar wurin da ta mafitsara tana sirancewa idan ba istirojin, shi ya sa ƙunar fitsari ke yawan dawowa, a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a taɓa tushen ba. Ita ba ta ma buƙatar filasta. Akwai istirojin mai ƙaramin ƙarfi da ake sawa a wurin kawai, na matsi ko na shafawa, kullum na mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba a haɗa shi da furojestaron. Amma a fara duba ta tukuna. Kuma ta daina wanke ciki da sabulu ko matsa abubuwan da ba a san me ke cikinsu ba, ƙara ƙona wurin suke.

Gwaggon Yara:
Wadda ba za ta iya homon ba fa sam? Ƙawata an yi mata aikin sankarar mama, tana shan tamoxifen, maganin hana sankarar dawowa, zafin kamar zai kashe ta.

Mai Haɗa Magani:
Akwai waɗanda ba homon ba. Wasu magungunan damuwa a ƙaramin ƙarfi suna rage zafin, haka gabapentin, maganin ciwon jijiya, musamman zafin dare. Amma cikin magungunan damuwar nan, mai shan tamoxifen ta kiyayi paroxetine, yana hana hanta juya tamoxifen ɗin ya koma yadda zai yi aiki, venlafaxine ake fi ba su. Akwai kuma sabo, fezolinetant, da Amurka ta amince da shi a 2023, shi kai tsaye yake zuwa wurin daidaita zafin nan na ƙwaƙwalwa da Anti ta yi bayani, sai dai yana buƙatar a riƙa gwajin hanta. Duk wannan likitan sankararta ne zai yanke, kada ta karɓi na wata.

Tunda an zo nan, masu tallar "homon na tsirrai zalla" a Facebook da WhatsApp, man doyar daji da sauransu, jikin mutum ba ya iya juya sinadarin doyar ya koma furojestaron, a masana'anta kaɗai ake yin wannan. Ko dai babu komai a ciki, ko kuma an zuba homon na gaske ba a rubuta nawa ba. Na biyun ya fi ba ni tsoro, musamman ga mai mahaifa.

Malamar Kimiyya:
A nan mun haɗu. Inda ba mu haɗu ba shi ne yadda ake ta yayata shi yanzu a intanet kamar maganin komai, gyaran fata, hana mantuwa, hana tsufa. Irin wannan zumuɗin ne na shekarun 1960. Hujjar da ke akwai mai ƙarfi ta zafi ce da gumin dare da bushewa da kare ƙashi. Ba a ba da shi don rigakafin ciwon zuciya ko ruɗewar tsufa. Ni shekaruna 53, zafin yana zuwa min amma ina iya ɗauka, yayata kuma ta yi sankarar mama, don haka ba zan sha ba.

Anti Nas:
Kuma da kin zo wajena da wannan tarihin da wannan sauƙin alamun, ba zan matsa miki ba.

Uwar Biyar:
Na karanta duka har sau biyu. A danginmu dai ba wadda na san ta yi sankarar mama, ban taɓa gudan jini ba, jinina kuma lafiya. Zan koma in tambayi likitar sunan furojestaron ɗin da kyau, in kuma nemi a duba min mama kafin in fara. Filastar nan in ta jiƙe da wanka fa?

Maman Tagwaye:
Ba ta fita da wanka. Ki manna a busasshiyar fata ƙasan cibiya ko a ɗuwawu, ban da kan mama, kada ki shafa mai a wurin, ki danna da tafin hannu na ɗan lokaci, ki riƙa canza gefe. Baƙin da gam ɗin ke bari a gefe ɗan mai yana goge shi.

Hajiya Babba:
To tunda an buɗe fage, ni ma bari in tambaya. Na fi shekara goma da dainawa, ba na shan komai, amma kwanakin baya na ɗan ga jini kaɗan, sau ɗaya, bai ma kai a ce jini ba. Na ce ko gajiya ce.

Anti Nas:
Hajiya, gajiya ba ta kawo wannan. Duk jinin da ya fito bayan an shekara da dainawa, ko ɗigo ɗaya ne, ko ruwan hoda-hoda ne, sai an duba. Yawanci sirancewar fatar nan ce ko ɗan tsiro marar illa, amma shi ne kuma alamar farko ta sankarar mahaifa, wadda in an kama ta da wuri ake warkewa. Za a yi miki hoton mahaifa a auna kaurin shimfiɗar, in ya wuce ƙa'ida a ɗebi kaɗan a gwada. Ki je cikin makon nan, kada ki jira ya sake zuwa. Akwai wadda za ta raka ki?

Hajiya Babba:
Akwai, babbar 'yata. Bari in kira ta yanzu.